Yadda Ake Gane Mai Zane da Ingancin Zanen da Aka Saya a Gwanjo

Duk sabon shiga da ya kawo mini zane, da yatsansa a kan sa hannun da ke ƙasa yake zuwa. Ni kuwa sa hannu ne na ƙarshe da nake dubawa, domin shi ne abin da mai jabu ya fi sauƙin kwaikwaya. Minti biyar da siririn buroshi sun ishe shi.

Fara da tabbatar da cewa fenti ne, ba bugun inji ba. Ari gilashin nan da masu gyaran waya ke duba ƙananan kaya da shi, ka kara a kan wuri mai haske, kamar fuska ko sararin sama. In ka ga ɗigo-ɗigon launi a jere kamar hoton kalanda, to bugu ne, an gama magana. Sannan ka kashe fitila, ka haska tocilan daga gefe. Fenti na gaske yana da tudu da kwari, kuma sawun buroshi yana bin siffar abin da aka zana. Akwai bugun da ake shafa wa man ƙyalli don ya yi kama da fenti, sai ka ga sawun ya ratsa hanci da bango duk a tafiya ɗaya. Sai dai ba kowane bugu ne banza ba. Fitaccen mai zanen Najeriya Bruce Onobrakpeya da bugun hannu ya yi suna. Irin wannan za ka ga lamba da fensir a ƙasa, misali 5/30, wato na biyar cikin talatin, da suna da shekara su ma da fensir.

Yanzu juya shi. A nan zan daɗe, don a nan na taɓa yin ɓarnar da har yau take cina. Na sayi wani zanen kasuwa da raƙuma a wajen dillalin da ya kwashe kayan wani tsohon gida a Kaduna. Firam ɗin gara ta ci rabinsa, takardar da aka rufe bayan da ita ta yi ja tana marmashewa. Don tsabta sai na kai wa mai firam, ya ɓalle komai, ya sa sabo mai ruwan zinare. Da na kai zanen wajen wanda ya san harkar, tambayarsa ta farko ita ce: “Ina takardar baya?” Na ce an zubar. Ya ce ko akwai rubutu a jiki? Akwai, wata ƴar takarda da aka buga da tafireta, da lamba, ban ma karanta ba. Ya yi shiru, ya miƙo mini kayana.

Saboda haka doka ce a wurina: ba a canza firam, ba a cire takarda, ba a zare ƙusa sai an ɗauki hoton komai. A baya ne ake samun tambarin shagon da ya sayar da kyallen da aka yi zanen a kai, takardar baje koli, farashi da fensir, sunan wanda ya fara saya, wani lokaci har sunan zanen da rubutun mai shi. Dubi katakon da aka ɗame kyallen a kai. Tsoho yana duhu bai ɗaya, kuma in ka leƙa tsakanin katako da kyalle za ka tarar da ƙurar hunturu ta shekaru ta taru a ƙasa. In tsufan shafawa aka yi da ruwan shayi ko shuni, sai ka ga dabbare-dabbare, ƙarƙashin katakon kuma fari tas. Shinshina ma. Fentin mai da bai daɗe ba yana wari, wanda ya shekara hamsin ba ya yi. Kuma kada ka goge gaban da jiƙaƙƙen tsumma, balle kananzir ko sabulu. Na ga wanda ya yi, rabin sararin sama ya biyo tsumman.

Sai a tambayi asali. Gidan wa ya fito, yaushe, mai gidan wane aiki ya yi? Wannan tambayar tana da nauyi a Arewa, domin a Zariya ne a 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane da ta fitar da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Onobrakpeya. Daga baya Gani Odutokun ya koyar a can har rasuwarsa a 1995. Zanen da ya fito daga gidan tsohon malamin jami'a a Samaru ya cancanci a tsaya a kansa. Amma labarin baki ba hujja ba ne. Rasit, wasiƙa, ko tsohon hoton iyali da zanen ke rataye a bango, su ne hujja. Dillalin da ya ce maka “wani Bature ne ya bari” bai faɗa maka komai ba, kuma kada ka ƙara ko sisi saboda wannan magana.

To, yanzu ne lokacin sa hannu. Ɗauki hotonsa kusa, ka nemi sunan a intanet, ka saka hoton zanen duka a Google Lens, manhajar da ke nemo hotuna masu kama da shi. Kada ka raina wannan: iyalan da ke da wani zanen Ben Enwonwu, shahararren mai zanen Najeriya, mai suna Christine ta hanyar neman sa hannun a intanet suka gane abin da ke gidansu, aka sayar da shi a Landan a 2019 kan fam miliyan 1.1. Kwatanta da sa hannu biyar ko shida na ayyukan da manyan gidajen gwanjo suka sayar, na shekaru makusanta. Sannan nemo tocilan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, ba ta da tsada. A cikin duhu, fentin da aka ƙara daga baya yakan fito baƙi a kan tsohon man ƙyalli. In sunan ne kaɗai ya yi baƙi, ko ya hau kan tsagar fenti maimakon tsagar ta ratsa shi, daga baya aka ɗora shi.

Salo ma ya dace da sunan. Grillo da shuɗi aka san shi, Jimoh Buraimoh da duwatsun ado. In ka ga zanen Enwonwu mai suna Tutu, wanda aka sayar da na asalinsa fam miliyan 1.2 a 2018, ka ɗauka bugu ne, don kwafinsa ya cika gidaje.

In duk ya tsallake waɗannan, tura hoton gaba, baya, sa hannu da awon tsawo da faɗi ga gidan gwanjo irin su Bonhams ko Sotheby's, suna karɓar hotuna ta shafinsu don kimantawa. Ko ka kai sashen zane na jami'a mafi kusa. Kafin amsa ta zo, jingine shi a tsaye nesa da rana da danshi, kuma kada ka naɗe shi.