Idan sitiyari yana rawa a kan babbar hanya

Kafin ku kashe kuɗi, ku lura da lokacin da rawar take zuwa. Idan tana farawa wajen kilomita 90 zuwa 110 a awa, ta lafa in kun rage gudu, galibi balansin tayoyin gaba, wato daidaiton nauyinsu, shi ne ya lalace. Ko dai ƙaramar darmar da ake maƙalawa a rim ta faɗi, ko busasshiyar laka ta cika cikin rim, musamman bayan damina. A wanke rim tukuna, sannan a ɗora a injin balansin. Alaimen, wato saita tayoyi su miƙe daidai, ba ya maganin wannan, kada a ruɗe ku.

Idan sai an taka birki sitiyarin yake rawa, faifan birkin gaba ne ya karkace. In kujera ce ke girgiza, ku duba tayoyin baya.

Ku shafa taya da hannu ku nemi kumburi, wanda ke zuwa bayan faɗawa rami. Irin wannan taya sai canji, tana iya fashewa ana cikin gudu.

Sannan a ɗaga motar da jak, a kama taya dama da hagu a girgiza: in akwai wasa, tayarod ne, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. In wasan sama da ƙasa ne kuwa, boris ne (abin da taya ke juyawa a kai) ko boljoyin (gaɓar da ke riƙe ƙafar mota). Ku tabbatar notocin taya a ɗaure suke.