Yadda ɗalibin Damagaram zai nemi karatun Larabci da haƙƙin ɗan Adam a Maroko

Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, musamman wanda ya fito daga makarantar faranko-arab, ya fara da tattara takardunsa tun sakamako yana da ɗumi: takardar haihuwa, shaidar bak da makin da ya samu, fasfo, da takardar likita. Tallafin karatun da Maroko ke bai wa ɗaliban Afirka yana fitowa ne daga AMCI, hukumar Maroko ta haɗin gwiwa da ƙasashen waje, kuma a Nijar ana bi ta ANAB, hukumar tallafin karatu da ke Yamai. Tsakanin Zinder da Yamai kusan kilomita 900 ne, saboda haka a duba kowace takarda da kyau kafin a hau mota.

Daga nan sai zaɓen fanni. Mai son nahawu da adabi ya nemi tsangayar adabi, mai son haƙƙin ɗan Adam kuwa ya shiga tsangayar shari'a, inda ake karantarwa da Larabci ko da Faransanci, kamar a Jami'ar Muhammad na Biyar da ke Rabat. A ganina kada ɗalibi ya yar da Faransancinsa, domin zai buƙace shi a ofis da ɗakin karatu.

Wanda ya yi karatun zaure a unguwar Birni ta Zinder ba zai ji baƙunta sosai ba, tunda mazhabar Malikiyya da ƙira'ar Warshu duk ɗaya ne da namu, kuma mawallafin littafin nahawu na Ajurrumiyya mutumin birnin Fas na Maroko ne. Inda gizo ke saƙar shi ne bakin titi, domin mai taksi da mai kayan miya Darija suke yi, wato Larabcin mutanen Maroko na yau da kullum, ba Larabcin littafi ba. Bayan ya nemi takardar izinin zama cikin kwana 90 na farko, ya dage da koyon Darija, kuma ya guji kwana da tashi cikin ƴan Nijar kaɗai.

Sai abin da na fi damuwa da shi, wato kada darasin haƙƙi ya tsaya a aji. Kundin tsarin mulkin Maroko na 2011 ya mayar da harshen Amazig, ɗan'uwan Tamashek da muke ji a Kasuwar Dole ta Zinder, harshen hukuma tare da Larabci, ya kuma ambaci tushen Afirka da Andalus da na Yahudawa a cikin asalin ƙasar. A 2004 aka gyara dokar iyali, aka kuma kafa hukumar da ta binciki cin zarafin da aka yi daga 1956 zuwa 1999, har waɗanda aka zalunta suka ba da shaida a bainar jama'a. Ɗalibi ya karanta waɗannan tare da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta 1948, sannan ya zauna da baƙin haure ƴan Afirka ta Yamma da ke Rabat da Kazablanka ya ji yadda suke fama da haya da aiki da takardu, ya rubuta abin da ya ji, domin da shi zai gina bincikensa na ƙarshen karatu.