Yadda ake fitar da dauɗar kunne ba tare da an ji wa kai ciwo ba

Kafin komai a ajiye tsinken ashana da gashin kaza da murfin biro da makullin mashin, har da audugar nan mai tsinke ta kemis. Na san daɗin sosa kunne, mutum har lumshe ido yake yi, amma fa ramin kunnen babba tsawonsa wajen santimita 2 da rabi ne kacal, a ƙarshensa dodon kunne yake, kuma fata ce siririya. Ita dauɗar daga wajen bakin rami jiki ke yinta don ta tare ƙura da ƙwari, kuma da kanta take fitowa a hankali in kana tauna ko magana. Da ka zura auduga sai ka lakato kaɗan, sauran ka danna ta ciki kamar mai ɗura bindigar toka, can za ta taru ta daskare, sai a wayi gari kunne ya toshe yana dumm.

To ya za a yi? In kunnenka lafiya lau yake, bayan wanka ka sa tsumma mai tsafta a yatsa ka goge iya inda yatsa ya kai, kamar dai shafar kunne a alwala, shikenan. Ko da hunturu da ƙurar Kaduna ke tashi wannan ya isa.

In kuma ya riga ya toshe, sai a jiƙa dauɗar. Nemo man zaitun mai kyau, ka riƙe kwalbar a hannu ta ɗan ɗauki ɗumin jiki, kar a ɗora a wuta don Allah. Ka kwanta ta gefe kunnen yana kallon sama, ka ja fatar kunnen sama da baya kaɗan don hanyar ta miƙe, wani ya ɗiga maka ɗigo 2 ko 3, ka zauna a haka minti 5 zuwa 10 sannan ka juya abin da zai fito ya fito ka goge. Sau 2 ko 3 a rana, kwana 3 zuwa 5. Da farko ma za ka ji toshewar ta ƙaru saboda dauɗar ta kumbura, kar ka tsorata ka koma wa tsinke, cikin sati biyu yawanci take zubowa, wani lokacin a kan filo za ka ganta.

Amma fa ba kowa zai ɗiga mai ba. Wanda kunnensa ke ciwo ko zubar ruwa ko mugunya, ko an taɓa ce masa dodon kunnensa ya huje, ko an yi masa aiki a kunne, kar ya zuba komai, balle ruwan albasa da su man birki da wasu ke ba da shawara. Mai ciwon suga shi ma kar ya tsirta ruwa da sirinji a gida. Yaro kuma in yana ta jan kunne a kai shi a duba, sau da yawa ƙwayar wake ce ko dutsen ado ya tura.

Mu nan muna da sauƙi, Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a cikin garin Kaduna take tun 1999, ga kuma asibitin Barau Dikko. Za su haska su gani da idonsu sannan su wanke da ruwa mai ɗumin jiki ko su zuƙe da na'ura. In an yi sati biyu da fara ɗiga mai ba canji, ko jiri ya shigo, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, a tafi can, na ƙarshen nan ma a ranar za a je.