Yadda ake gane irin bugun launi a tsofaffin littattafan koyar da zane

Na sha ganin masu fara tara tsofaffin littattafan koyar da zane na Turai, da zarar sun buɗe shafi sun ga launi sai su yanke hukunci cewa inji ne ya buga shi. A yawancin littattafan da aka wallafa a Landan kafin 1840, baƙin zanen kawai aka buga, launin kuwa ma'aikata ne suka zauna da buroshi suna shafa shi kwafi bayan kwafi. Wanda bai raba waɗannan biyun ba, duk abin da zai faɗa kan shekarar littafin ko kuɗinsa zai fito a karkace.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin ƙara girma mai ninki 10 irin na masu gyaran agogo, da tocila. Fitilar waya ma ta wadatar, kada ka ɓata kuɗi kan na'ura mai tsada tun yanzu. Ka wanke hannu ya bushe. Safar hannu ta auduga ban yarda da ita ba, tana hana yatsu jin takarda, nan da nan sai ka yaga gefe.

Da farko ka kau da kai daga launin, ka nemi yadda aka buga baƙin. Rage hasken ɗaki, ka kwantar da hasken tocila a gefen takardar. Idan ka ga lotsawa mai kusurwa huɗu ta kewaye hoton, sawun farantin jan ƙarfe ne, wato tawadar daga cikin ramukan faranti ta fito. Rashin wannan sawu ba hujja ba ne, don masu ɗinkin littafi sukan datse shi. Sai ka ɗora gilashi a kan inuwar hoton. Idan ka ga ƙananan tsibirai farare da siraran layukan tawada suka kewaye, kamar lakar tafki da ta bushe ta tsattsage, wannan akwatint ne, wata hanyar bugu da faranti da ake cinye fuskarsa da asid don a samar da inuwa. Paul Sandby ya yaɗa shi a Ingila daga 1775, kuma shi ne aka fi amfani da shi wajen koyar da fentin ruwa, kamar a littafin David Cox na zanen shimfiɗar ƙasa da ya fito a 1813 zuwa 1814. Idan kuwa takardar a shafe take, babu lotsawa, inuwar kuma baƙaƙen ɗigo ne marasa tsari kamar an goga fensir a abu mai kaushi, to bugun dutse ne, wato an yi zanen a kan shafaffen dutse aka buga daga kansa, dabarar da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Munich wajajen 1796.

Yanzu sai launin, kuma nan ne mutane suke faɗuwa, don haka kada ka yi gaggawa. Zaɓi wuri ɗaya inda launi ya ƙare, misali bakin ganye ko gefen rufin gida, ka bi shi da gilashi a hankali. Fentin ruwa da aka shafa da hannu yana barin wani siririn layi mai ɗan duhu a bakinsa, inda ruwan ya taru kafin ya bushe. Cikinsa kuma sumul yake, babu ɗigo, babu ƙwayoyi, sai dai wani wuri ya fi wani kauri. Yakan ƙetare baƙin layi a nan, ya gaza kai wa a can, ba tare da wata ƙa'ida ba. Launin da aka buga shi ma yana kaucewa, amma kaucewarsa tana da tsari: idan shuɗi ya zame zuwa dama a saman hoton, za ka iske ya zame zuwa dama a ƙasa ma, domin farantin ne gaba ɗaya ya goce. Wannan bambancin ya fi kowace alama amfani a wurina. Karkata shafin zuwa haske kuma ka duba wurare masu duhu. Idan suna sheƙi su kaɗai, wani lokaci har da 'yan tsaga, ƙaro ne aka shafa da hannu don launin ya ƙara zurfi.

Abin da ke rikita mutane shi ne hoto ɗaya yakan haɗa duka biyun. Masu buga akwatint sukan sa shuɗiyar tawada a sararin sama, ruwan ƙasa a gaba, a bugu ɗaya, sauran kuma a cika da buroshi. Saboda haka kada ka duba sama kawai ka tashi. Duba aƙalla wurare uku. In kana da halin samun kwafi na biyu, ko hotonsa daga wani ɗakin karatu a intanet, ka jera su. Aikin hannu ba ya taɓa zuwa iri ɗaya sau biyu.

Idan ka tabbata bugu ne, saura ka san wanne. Jacob Christoph Le Blon ya buga launi da faranti uku, shuɗi da rawaya da ja, ya kuma yi bayani kan waɗannan launuka uku a littafinsa Coloritto wajajen 1725, amma da wuya irinsa ya zo hannunka. Bugun katako yana danna takarda har a ji tudu ta baya, tawadar kuma tana taruwa a bakin kowane launi. George Baxter, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1835, yana fara buga zanen da farantin ƙarfe, sannan ya bi shi da katakai masu yawa da tawadar mai, shi ya sa hotunansa ke da ƙananan bayanai masu kaifi a ƙarƙashin launi mai kauri. A bugun dutse, idan launi ɗaya ne kacal mai kama da ƙasa-ƙasa a bayan baƙin zane, da fararen wurare da aka kankare, wannan shi ne salon da mai buga hotuna Charles Hullmandel ya buga wa mai zane J. D. Harding a 1836. Cikakken bugun dutse mai launuka da yawa ya biyo bayan rajistar Godefroy Engelmann a Faransa a 1837. Launukansa a kwance suke ɗaya kan ɗaya, da ɗigo-ɗigo da aka yi da hannu, babu biyu masu girma ɗaya. Littafin Owen Jones na zane-zanen ado na 1856 misali ne mai kyau da za ka horar da idonka a kai.

Idan ɗigon ya jeru a layi daidai kamar raga, hoton bai girmi shekarun 1880 ba, mai launi uku ma sai 1890 zuwa sama, ko me aka rubuta a bangon littafin. Daga ƙarshe ɗaga shafin zuwa haske ka nemi tambarin da ke cikin takardar. Takardun Whatman, masu yin takarda a Ingila, sukan ɗauki shekarar da aka yi su, kuma ba za a buga hoto kafin a yi takardarsa ba, ko da yake ana iya buga shi shekaru bayan haka.