Kurakuran da na gaji da gani a wajen masu koyon allon gangara

Lahadi uku a jere ina ɗaga sababbin shiga daga kan kwalta, kuma dukkansu abu guda ne ya kayar da su. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ga wanda bai taɓa ganin abin ba: allo ne da ake tsayawa a kansa a karkace, taya ɗaya gaba ɗaya baya a kan layi guda, irin tayar ƙaramin keke mai inci 20. Babu sitiyari, babu abin riƙewa, da nauyin jikinka kake juya shi. Wanda aka fi sani shi ne Dirtsurfer, da wani ɗan Ostiraliya mai suna Graeme Attey ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1990. Ni ma a ƙasar na koya, a tuddan gabashin birnin Perth, inda karatu ya kawo ni, zama kuma ya riƙe ni.

Bari in fara da birki, don shi ya karya ni.

Birkin wannan allo yana bayan ƙafarka ta baya. Wani maɗanni ne a tsaye, ka tura shi da sharaɓa, ya kama tayar baya. Dabara ce mai kyau, amma akwai tarko a cikinta. Ɗan Adam idan ya tsorata, baya jikinsa yake ja, ba sai ya yi shawara ba. To a kan wannan allo, ja da baya shi ne taka birki da dukkan ƙarfinka. Abu biyu sai su faru lokaci guda: tayar baya ta kulle ta fara jan ƙasa, tayar gaba kuma ta rasa nauyin da ke manna ta da titi. Daga nan allon ba naka ba ne.

A watana na biyu haka ta same ni. Na hango 'yar tsakuwa a bakin wata kwana, gabana ya faɗi, na sandare ƙafafu na koma baya. Ban ma san na taɓa birki ba. Allon ya zame ta gefe, na kai hannun dama don in tare ƙasa, wuyan hannun ya karye. Sati bakwai ina ɗaure, ga jarrabawa ta matso, ko biro ban iya riƙewa. Har yau idan sanyi ya shigo wurin yana tuna mini. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, gudun da nake yi bai kai ya kawo ba. Tsoro ne ya taka birkin.

Maganin da na yi wa kaina bayan na warke: na koma filin ciyawa mai ɗan gangare, na yi wata guda ba abin da nake koyo sai tsayawa. Gwiwa a lanƙwashe, nauyi a ƙafar gaba, sharaɓa kaɗai ke motsi, a hankali, kamar mai tura ƙofar ɗakin da jariri ke barci. Akwai gwanaye a cikinmu da ke koyar da cewa ka kwantar da jiki duka baya. Su ta yi musu, ni ban yarda a koya wa sabon shiga haka ba. Duk wanda na ɗauka, sai ya tsaya mini sau hamsin a kan ciyawa, a daidai inda na ajiye gorar ruwa, kafin ƙafarsa ta hau kwalta. Wasu suna fushi su tafi. Su tafi.

Sannan ka gama birkinka kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Taya ba ta iya riƙe juyi da birki mai ƙarfi a tare. Ka kuma san lissafin: idan gudunka ya ninka biyu, tazarar da za ka ci kafin ka tsaya ninki huɗu take yi. A gudun kilomita 60 cikin awa, kusan mita 17 kake shafewa duk daƙiƙa ɗaya. A doguwar gangara kuma kada ka kwantar da sharaɓa a kan birki tun daga sama har ƙasa, zafi zai ɗauka ya rage kamu a daidai lokacin da ka fi bukatarsa. Ka danna, ka saki, ka danna.

Akwai kishiyar wannan, masu rarrafe don tsoro. Allon kamar keke yake, sai yana tafiya yake samun daidaito. Wanda ke tafiyar hawainiya shi ya fi tangaɗi.

Ƙananan kurakuran kuwa ga su. Kada ka kalli tayar gaba, inda idonka ya je nan allon zai bi, don haka in ka ƙura wa rami ido, ramin za ka faɗa. Ka duba iskar taya da notuna duk fita, ni da sifana da famfo a jaka nake yawo. Ka cusa igiyar takalmi ciki. Kada ka ɗaure ƙafarka da maɗaurin allo tun ba ka iya sauka da gudu ba.

Yanzu ga wadda ke tayar mini da hankali: cin hannun wasu a kwanar da ba a ganin gabanta.

Na san daga inda kuka kwaso wannan. Kun kalli bidiyon tsere a Maryhill ta jihar Washington a Amurka, ko Kozakov a ƙasar Cek, ko Mount Panorama da ke Bathurst nan Ostiraliya, kun ga mutane suna shan kwana daga wannan baki zuwa wancan. Ba ku lura ba ne? Titin a rufe yake ranar, an jera dammunan ciyawa a gefe, ga masu tuta, ga motar asibiti tana jira, kowa cikin rigar fata tun daga wuya har idon sawu. Kai kuma ka zo titin unguwa da safiyar Lahadi, inda wata baiwar Allah ta ɗauko 'ya'yanta a mota, ka tsallaka layi don kana so ka yi kama da su. Haba ƙanena! In ka mutu ka bar ta da me?

Ni kaina na kusa tafiya ta nan, kuma dalilin ya shafi duk wanda ya taso a gida. A Najeriya da Nijar hannun dama ake tuƙi, a Ostiraliya hagu. Kai ya sani, amma jiki bai sani ba. Wata rana mota ta ɓullo mini a kwana, ina kan hannuna lafiya lau, sai kawai jikina ya kauce dama, wato gabanta. Allah ne ya sa direban a hankali yake hawowa, ya tsaya cak, na wuce ta gefensa na faɗa cikin ciyayi. Mutumin ya fito hannunsa na rawa, ya kasa magana. Fuskarsa ba ta bar ni ba har yau. Tun ranar, duk titin da zan sauka sai na fara taka shi da ƙafa daga ƙasa zuwa sama, in ga tsakuwa, in ga ƙofofin gidajen da mota ke fitowa, kuma a bakin kowace kwana in faɗa da bakina: hagu. Kwanar da ba a ganin gabanta kuwa, sai mun tsayar da mutum a can yana ba mu alama da hannu. Babu mai tsayawa, babu sauka.

Ku kuma tuna mu 'yan kaɗan ne. Masu wannan allo ba su kai masu allon taya huɗu yawa ba ko kusa, a kan tituna ɗaya muke raɓawa da su. Mutum ɗaya ya firgita mazauna unguwa, ƙara ɗaya a kai wa hukuma, an hana kowa wurin. Ka gaida mutanen unguwa, ka ba mota hanya, ka kwashe sharar da ka zo da ita.

Hular kwano ba na ma tsayawa gardama a kanta. Mai rufe haɓa nake so, don a wannan wasa da fuska ake yawan sauka. Wadda ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi kuma ta gama aiki, ko da ba ka ga tsaga a waje ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Makon jiya wani yaro ya zo da wadda ya saya hannu, bai san tarihinta ba. Na ba shi tawa ta ajiya, na ce ya fara daga ciyawa. Ya tsaya sau goma sha tara kafin rana ta yi zafi, saura talatin da ɗaya ranar Lahadi mai zuwa.