Babi na Bakwai: Komawar Yara Makaranta a Lokacin Annoba

A watan Maris na shekarar 2020 aka rufe makarantu a duk faɗin Najeriya saboda cutar korona. Cutar ta ɓulla ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019, aka tabbatar da ta iso Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A ƙarshen Maris ta shigo Jihar Kaduna, har gwamnan lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya sanar da bakinsa cewa ya kamu. A nan Zariya kowa ya sa kwaɗo, daga Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da Barewa, da Alhudahuda, har zuwa firamaren unguwa da islamiyya. Sai a watan Agusta aka mayar da 'yan ajin ƙarshe na sakandare don su rubuta jarrabawar WAEC. Sauran yara kuwa sai daga Oktoba aka fara buɗe musu, aji bayan aji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu, 2023. Amma annoba ba ta yi sallama da mu ba. Muna da sanƙarau lokacin zafi, da amai da gudawa lokacin damina, ga ƙyanda, ga mashaƙo da ya addabi Kano da wasu sassan Arewa a 2023. Abin da za mu koya a wannan babi zai yi mana amfani ko wace cuta ce ta zo.

Me ya sa sai an koma?

Wani zai ce, to a bar yaran a gida mana har cutar ta wuce. Duk wanda ya ga abin da ya faru a 2020 ya san zaman gida ma yana da nasa ciwon. Yaron da ya fara haɗa baƙi ya manta. Wani ya bi kasuwar Sabon Gari yana dako, ya ɗanɗana kuɗi, da aka buɗe ya ƙi komawa. Wata an ɗora mata talla, wata an yi mata aure. An yi darussa a rediyo da talabijin, kuma sun taimaka, amma yaro ɗan aji biyu ba ya koyon riƙe fensir daga rediyo. Saboda haka idan hukuma ta ce a koma, mu mayar da su. Aikinmu shi ne mu tabbata an koma da shiri, kuma mafi yawan shirin nan ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Shiri yana farawa daga gida

Korona da mura da mashaƙo da ƙyanda duk ta numfashi suke bi. Mai cutar ya yi tari ko atishawa, ko ma magana kawai, ƙwayoyin su fita cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa. Wani lokaci kuma su sauka a hannu, hannu ya kai su ido ko hanci ko baki. Wanda ya ɗauki korona yakan yi kwana biyu zuwa sha huɗu kafin alama ta fito.

Don haka mai gadin makaranta na farko ita ce uwa. Da safe, kafin yaro ya sa yunifom, ki taɓa goshinsa da wuyansa da bayan hannunki. Ki dubi idonsa, ki saurari numfashinsa. Idan akwai zazzaɓi, ko tari, ko ciwon maƙogwaro, ko gudawa, ko ƙuraje, yau ba shi ba makaranta. A kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a duba shi.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu bari. Yaro ya tashi da zafin jiki, sai a ba shi farasitamol, a ce ya daure ya je don kada a yi gwaji ba ya nan. Maganin yana sauke zafin ne na 'yan awoyi, cutar tana nan. Ya wuce na'urar auna zafi a bakin ƙofa lafiya lau, ya shiga ya zauna a benci ɗaya da yara huɗu. Kafin a tashi ya raba musu. Wannan ba jarumta ba ce, cutar da 'ya'yan maƙwabta ce, kuma ɗaya daga cikinsu yana iya kai wa kakarsa mai hawan jini ko ciwon suga. Tsofaffi da masu irin waɗannan larurori su korona ta fi kashewa.

Karanta wannan hira da ƙarfi, kai da na kusa da kai:

"Salamu alaikum, Malam. An tashi lafiya?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Hajiya. Yau ban ga ɗan naki ba."

"Shi ya kawo ni, Malam. Da zazzaɓi ya kwana, ga tari. Babansa ya ce a bar shi a gida. Amma na ji an ce yau za ku yi gwaji."

"Kun kyauta ƙwarai. Gwaji ba ya gudu, idan ya warke zan yi masa nasa. An kai shi asibiti?"

"Yanzu zan wuce da shi."

"To, Allah ya ba shi lafiya. Duk abin da suka ce, ki aiko yayarsa ta faɗa mini, don in sa ido a kan waɗanda suke zama tare."

Ku lura malamin bai yi faɗa ba. Makarantar da ke dukan yaro don ya yi fashi saboda ciwo, ita ke tilasta wa iyaye su ɓoye ciwon.

Game da na'urar da ake nuna wa yaro a goshi, an yi ta yaɗa cewa tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ba gaskiya ba ne. Ba ta harba komai cikin kai, zafin da ke fitowa daga fata kawai take karantawa. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Celsius. Idan ta nuna 38 ko fiye, zazzaɓi ne.

Ruwa da sabulu

Makarantar da ba ta da ruwa ba ta shirya buɗewa ba, ko da an yi mata sabon fenti. A Zariya mun san wahalar ruwa, mun san kuɗin da 'yan garuwa ke karɓa a kan kura ɗaya. Saboda haka tambayar farko da uba zai yi wa hedimasta ita ce: ina ruwan zai fito kullum, kuma wa zai biya?

Wanke hannu na gaskiya da sabulu ne da ruwa mai zuba, na tsawon daƙiƙa ashirin. A cuɗa tafi, da bayan hannu, da tsakanin yatsu, da babban yatsa, da ƙarƙashin farce. Lokutan da ba a sake da su: shigowa makaranta, fitowa daga bayi, kafin cin abinci, da bayan fyace majina. Kada a tara yara su tsoma hannu a roba ɗaya. Na farko ne kaɗai ya wanke, na ashirin datti ya ɗiba.

Bokiti mai famfo a gindi ya wadatar. A ɗora shi a kan kujera, a ajiye roba a ƙasa don tarar ruwan, a ɗaure sabulu da zare don kada ya yi ƙafa. Idan babu kuɗin bokiti, ga hanya. A samo galan na lita huɗu ko biyar. A ɗumama ƙusa a wuta, a huda ƙaramin rami a ƙasan murfin kaɗan. A kafa sanduna biyu masu gwafa, a gitta ɗaya a sama, a rataya galan ɗin ta hannunsa. Sai a ɗaura igiya daga wuyan galan zuwa wata sanda da ke kwance a ƙasa. Yaro ya taka sandar, galan ya karkata, ruwa ya zubo siriri, bai taɓa komai da hannu ba. A zuba tsakuwa a ƙasa don kada wurin ya yi caɓi. Wannan aikin yamma ɗaya ne ga magidanta biyu.

Man goge hannu da ake kira sanitaiza yana aiki idan sinadarin alkohol da ke cikinsa ya kai kashi 60 cikin ɗari. Amma idan hannu ya yi datti da ƙasa ko maiƙo, sabulu ne magani.

Sai maganar tara. Nan ne mafi yawan doka ke karyewa. Yara su yi dafifi a kan mai awara da mai alawa, mai sayarwa ta hura leda da baki don ta buɗe, sannan ta zuba. Yara uku su sha fiya wata ɗaya, ko moɗa ɗaya a bakin randa. Ba za mu kori masu talla ba, domin 'yan'uwanmu ne kuma da shi suke ci. A zauna da su, a nuna musu su rufe abinci, su buɗe leda da hannu, su ma su wanke hannu. Kowane yaro ya zo da gorar ruwansa daga gida. Idan an raba lokacin tara, ƙananan aji su fita su dawo kafin manya su fita, turmutsitsin zai ragu.

Iska da tazara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar aƙalla mita ɗaya tsakanin mutum da mutum. Mita ɗaya kusan babban taki ɗaya ne na magidanci. Duk mun san ajin da yara suke cika shi har bakin allo, wasu a ƙasa. A irin wannan aji ba a samun mita ɗaya sai an raba: rabi da safe, rabi da rana, ko wasu yau wasu gobe. Inda akwai inuwar darbejiya ko mangwaro, a fitar da aji ɗaya waje. Karatu a fili ya fi na ɗaki aminci nesa ba kusa ba. Taron asambuli kuwa a dakatar da shi, kowane aji ya yi addu'a da sanarwa a wurinsa.

Tagogi da ƙofa su zauna a buɗe, ta ɓangarori biyu, don iska ta ratsa. Matsalar tana zuwa da hunturu. Sanyin Zariya a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, ga ƙura, sai a rufe ko'ina a toshe da kwali. Wannan shi ne abin da cuta take so. Gara a sa wa yaro rigar sanyi da hula, a bar tagar. Haka ma ɗakin kwanan 'yan makarantar kwana lokacin zafi, domin sanƙarau yana son ɗaki mai cunkoso marar iska.

Takunkumi yana rufe hanci da baki ne tare, ba haɓa ba. Na yadi wanda tela ya ɗinka ninki biyu ko uku yana aiki, a wanke shi kullum da sabulu a shanya a rana. Kowane yaro da nasa, ba aro, ba musaya. Ɗan shekara biyar zuwa ƙasa ba a tilasta masa. Ɗan sha biyu zuwa sama ya sa kamar babba. Kuma a cire shi lokacin guje-guje.

A hanya ma a kula. Yara takwas a Keke ɗaya sun rushe duk tazarar da aka yi a aji.

Islamiyya da makarantar allo

Yaron da ya je boko da safe shi ne yake islamiyya da yamma, kuma sau da yawa ɗakin islamiyya ya fi ƙanƙanta. Idan an gyara can an bar nan, ba a yi komai ba. A je wa malamai da ladabi, domin su ne suka fi mu sanin hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta faɗa kuna ciki kada ku fita. Sun kuma san Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Kiyayewa ba ta saɓa wa tawakkali.

Almajirai sun fi kowa shiga haɗari, saboda kwana da yawa a zaure ɗaya da cin abinci daga gida-gida. Mutanen unguwa su haɗa wa tsangaya galan da sabulu, kuma idan almajiri ya kwanta a taimaka wa alaramma a kai shi asibiti.

Idan ciwo ya kama yaro a makaranta

A fitar da shi zuwa inuwa ko ɗaki mai iska, babba ɗaya mai takunkumi ya zauna da shi, a kira iyayensa. Kada a bari yara su yi masa ihu ko su laƙaba masa sunan cutar. Idan yara da yawa a aji ɗaya suka kwanta da alama iri ɗaya, hedimasta ya sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ba tare da jinkiri ba. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka tana da lambar kira kyauta, 6232.

A goge benci da hannun ƙofa da bayi da ruwan bilic irin su Jik. Idan kwalbar ta nuna kashi 3.5 cikin ɗari, awo ɗaya na bilic a awo 34 na ruwa. Babba ne zai haɗa, kada a gauraya shi da wani magani, kuma kada a fesa wa yara a jiki.

Ku kuma nemo katin rigakafin yaranku. Allurar ƙyanda da ta mashaƙo kyauta ce a asibitocin gwamnati. Wanda ya tsallake wata, a kai shi a cike masa kafin a koma.

Duk wannan ba aikin hedimasta shi kaɗai ba ne. Kowace makarantar gwamnati tana da kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, akwai mai unguwa, akwai liman. Idan an kira taro ku je, mata da maza, kuma ku nemi a zagaya da ku ku ga bayi da wurin ruwa da idonku.

Aikin yi

1. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinka: annoba, sabulu, takunkumi, zazzaɓi, rigakafi.

2. Aji yana da yara 84. An raba su gida biyu daidai, safe da rana. Yara nawa ne a kowane kashi?

3. Bokiti yana cin lita 20. Idan kowane yaro yana wanke hannu da rabin lita, yara nawa zai isa? Sau nawa za a cika shi don yara 120 su wanke sau ɗaya?

4. Rubuta wa malamin ɗanka takarda mai layi uku, ka sanar da shi cewa yaron ba shi da lafiya kuma ba zai zo ba yau. Sa kwanan wata da sunanka.

5. Kafin darasi na gaba, je makarantar da 'ya'yanka suke. Ƙirga tagogin ajinsu da suke buɗewa, ka duba ko akwai ruwa da sabulu a bakin bayi. Rubuta abin da ka gani, ka zo da shi mu karanta tare.