Yadda na hana kwamfutata daskarewa bayan na ƙara wa furosesa gudu

Na ɗaga gudun furosesana (ƙwaƙwalwar kwamfuta), i5-9600K, zuwa 4.9 GHz, alhali iyakarsa daga kamfani 4.6 ce. Da sanyin safiya lafiya lau, amma da rana ta take a nan Garwa sai kwamfuta ta daskare, allo ya koma shuɗi da saƙon WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR.

Na fara kashe XMP, saitin da ke ƙara wa RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) gudu, na gwada RAM ɗin da manhajar gwaji MemTest86. Ba ta da laifi.

Sai na kunna Prime95, manhajar da ke ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, ina lura da HWiNFO, wadda ke nuna zafi da ƙarfin wuta. Ashe wutar da na ba furosesa a BIOS (saitunan tushe na kwamfuta), 1.30 V, faɗuwa take yi da zarar aiki ya yi nauyi. Ban yarda in ƙara ta ba, domin a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40, ƙarin wuta kuwa ƙarin zafi ne. Load-Line Calibration, saitin BIOS da ke rage faɗuwar wuta, na ɗaga zuwa matsakaici, faɗuwar ta ragu sosai. Na hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka, na goge busasshen man sanyaya da ke kan furosesa, na shafa sabo.

Sauran matsalar aikin AVX ne, wani nau'in lissafi mai nauyi wanda ya fi dafa furosesa. Na sa AVX offset, saitin rage gudu yayin aikin AVX, a 2, wato ya sauko 4.7 GHz lokacin irin wannan aiki kawai. Na sake gwaji da tsakar rana, tagogi a rufe, kwamfuta ba ta daskare ba.